Tambaya da Amsa: Ma'aikatan jinya ba sa daɗewa a asibitina

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ungozoma ce, ina da ƙaramin asibiti mai zaman kansa a Jos. Duk nas ɗin da na ɗauka na koya mata aiki, da zarar hannunta ya faɗa sai ta samu aikin gwamnati, ko ta fara shirin tafiya Ingila ko Saudiyya. Abokan sana'a sun ba ni shawarar in riƙa karɓar takardun shaidar karatun ma'aikata na asali ina ajiyewa, domin kada kowa ya tafi ba shiri. Shin wannan dabara ce mai kyau? Daga wata mai karatu, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki riƙe takardun kowa. Waɗanda suka yi karatu tare a makarantar koyon aikin jinya ta Vom sun san juna, kuma da labari ya bazu cewa asibitinki yana tsare takardu, ƙwararru za su ƙaurace miki, sai wanda ya rasa wurin zuwa ne zai zo. Abin da ya fi damuna ma shi ne, nas ɗin da aka tilasta wa zama ita ce za ki bar wa mace mai naƙuda da tsakar dare.

Matsalar ta shafi ƙasa baki ɗaya. A watan Fabrairun 2024 Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Ƙasa ta fitar da ƙa'idar cewa sai nas ta yi shekara 2 tana aiki kafin a tantance mata takardun fita waje, sannan a watan Agusta Gwamnatin Tarayya ta amince da wata manufa ta musamman kan hijirar ma'aikatan lafiya. Idan manyan asibitocin koyarwa suna rasa ma'aikata, ƙaramin asibiti ba zai iya gasar albashi da Ingila ba.

Abin da ke hannunki shi ne yadda zaman aikin yake. Ki tsayar da ranar biyan albashi, kada ta motsa ko da kamfanonin inshorar lafiya sun jinkirta biyan ki, domin ma'aikaci yakan jure ƙaramin albashin da ya san ranar zuwansa fiye da babban da ake yi masa gobe-jibi. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya zama naira 70,000 tun Yulin 2024, kuma ko da dokar ta ɗauke wa mai ma'aikata ƙasa da 25 wannan wajibi, nas ɗin da ke hawa mota daga Bukuru kullum tun bayan cire tallafin mai a 2023 da kuɗin motarta take auna albashinki. Ki ware alawus na aikin dare, ki fitar da jadawalin aiki tun farkon wata, ki kuma biya mata kuɗin sabunta lasisi. Idan da hali ki shigar da su tsarin fansho, inda dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata biyan kashi 10 cikin ɗari na albashi, ma'aikaci kuma kashi 8.

Wajen ɗauka kuwa, ki tabbatar da lasisin kowa a hukumar da ta ba shi, ki kuma duba waɗanda suka kammala kwalejin fasahar lafiya ta Pankshin domin ayyukan da horonsu ya ba su damar yi. Ki rubuta yarjejeniya mai ɗauke da sanarwar wata guda kafin ajiye aiki, wanda a cikinsa mai tafiya za ta horar da wadda za ta maye gurbinta.