Me Ake Nufi da Tsohon Daji, Kuma Yaya Ake Gane Gaurayen Dajin Fayin?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne mai karatun gandun daji, ɗan asalin Alkaleri a Jihar Bauchi. A darasinmu an ambaci tsofaffin dazuzzukan ƙasashen sanyi inda itacen fayin ke gauraye da itatuwa masu faɗin ganye. Da wane ma'auni ake rarrabe su, kuma Yankari tana cikin wannan aji?

Amsa: Ɗana, mu fara da sunayen, domin a nan ɗalibai suka fi yin tuntuɓe. Fayin itace ne mai ganye kamar allura wanda ba ya zubar da shi duka a lokacin hunturu, ɗaya rukunin kuwa, wanda Turawa ke kira masu taurin katako, ya ƙunshi itatuwa masu faɗin ganye irin su ok. Sunan yana ruɗarwa, domin rabon ya danganta ne da yadda itacen ke fure da 'ya'ya, ba da taurin katakonsa ba. A wannan lissafi, maɗaci da kirya da kawo namu duk suna cikin rukuni na biyu.

Ma'aunin gauraye kuwa lissafi ne. Hukumar gandun daji ta Amurka tana sa daji a ajin ok da fayin idan masu faɗin ganye ne suka fi rinjaye amma fayin ya kai kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari na itatuwan wurin. Idan ya haura haka, dajin fayin ne.

Maganar tsufa ita ce ta fi buƙatar natsuwa, domin yawan shekaru kaɗai ba ya wadatarwa. Abin da masani ke nema idan ya shiga daji shi ne siffar da ƙarnuka suka bari ba tare da gatari ya taɓa wurin ba: manyan itatuwa da matsakaita da ƙanana a cakuɗe, busassu da suka mutu a tsaye, kututtura suna ruɓewa a ƙasa gansakuka ta rufe su, da kuma rami da ɗan tudu a gefensa inda iska ta tumɓuke wani itace da saiwarsa. Busasshen itacen da a wurinmu ba zai kwana biyu ba sai an ɗaure shi dami an kai murhu, shi ne babbar shaida a can, domin ƙwari da tsuntsaye da funfuna a cikinsa suke rayuwa. A kudu maso gabashin Amurka akwai wani maƙwaƙƙwafi da ba ya haƙa gidansa sai a jikin tsohon fayin mai rai, ya fi son wanda funfuna ta tausasa cikinsa, sannan ya huda ƙananan ramuka kewaye da ƙofar don ƙaro ya riƙa tsiyayowa ya hana maciji hawa.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne cewa gaurayen ba ya dawwama da kansa. Sabbin tsirran yawancin fayin ba sa jure inuwa, suna buƙatar rana da ƙasa tsirara kafin su kama, don haka idan aka daɗe babu gobara ko guguwar da za ta buɗe sarari, masu faɗin ganye sukan taso daga ƙasa su gaje wurin, tsofaffin fayin su mutu babu magaji. A gandun Kongari na jihar Karolina ta Kudu a Amurka, wanda ya zama gandun ƙasa a 2003, ana ganin fayin masu tsawon kusan mita 50 sun zarce sauran itatuwa, kuma kasancewarsu alama ce ta buɗewar da ta faru tun tuni. Turai kuma tana da irin wannan tsohon gaurayen daji, wato dajin Biyalowiyeja, a kan iyakar Folan da Belarus.

Yankari ba ta cikin wannan aji. Dajin sabana ne na ƙasar zafi, kuma fayin da za ka gani a tsaunukan Jos shuka shi aka yi. Sai dai idonka na iya koyon aikin a gida: ka bi kurmin da ke bakin kogin Gaji ka lura da matakan itatuwa da matattun kututtura, sannan ka fita fili inda wutar rani ke bi, ka duba waɗanne ƙananan itatuwa ne suka tsira bayan ta wuce.