Amsa: Wa ya fi shan wahala a Frankenstein, Victor ko halittarsa?

'Yar'uwa, kin tambayi wanda ya fi shan azaba a littafin Mary Shelley na 1818. Ki fara da shari'ar Justine, mai aikin gidan su Victor, mutumin da ya ƙirƙiri halittar. Victor ya san ba ita ta kashe ƙanensa William ba, amma ya kame bakinsa har aka zartar mata da hukuncin kisa. Tun daga nan laifin yake cin ransa, kuma shi ya jawo wa kansa kaɗaici.

Halittar kuwa ta yi watanni a ɓoye jikin bukkar iyalin De Lacey, tana saro musu itace da dare. Ranar da ta bayyana, Felix, ɗan gidan, ya rufe ta da duka da sanda. Wallahi wurin nan yana taɓa zuciyata, ita nake ganin ta fi wahala.

Kada ki kira ta Frankenstein, sunan Victor ne. Ki kuma tambayi malaminki bugun da za ki bi, na 1818 ko na 1831, domin sun bambanta.