Lambar da ta fi alƙalumma miliyan 41: ta yaya aka san ba ta rabuwa?

Tambaya: Malam, na ji an gano wata lambar firam mai alƙalumma sama da miliyan 41. Wa ya zauna ya gwada raba ta da kowace lamba? Kuma ita ce ta ƙarshe?

Amsa: Ɗan'uwa, babu wanda ya gwada raba ta da kowace lamba. Da haka ake yi, da kwamfutocin duniya sun tsufa ba a je ko'ina ba.

Lambar firam ita ce wadda ba ta rabuwa daidai sai da 1 da ita kanta, kamar 7 ko 31. Wadda ka ji labarinta, Luke Durant ne ya gano ta a watan Oktoban 2024, a cikin GIMPS, shirin sa-kai na neman manyan lambobin firam da kwamfuta, da aka kafa a 1996. Alƙalummanta 41,024,320 ne. Ana samun ta idan aka jera 2 har sau 136,279,841, aka ninka su da juna, sannan aka cire 1. Masu wannan siffa ana kiran su lambobin Mersenne, da sunan wani limamin kirista Bafaranshe na ƙarni na 17.

Siffar ce sirrin. Dole adadin biyun da aka jera ya zama firam, amma hakan bai isa ba: jera 2 sau 11 ka cire 1, za ka sami 2047, wato 23 sau 89. Abin da ke raba gardama shi ne gwajin masana lissafi Lucas da Lehmer. Ɗauki biro mu gwada da 31, wadda ake samu idan aka jera 2 sau biyar, aka ninka su, aka cire 1. Fara da 4, ninka ta da kanta, cire 2: 14. Maimaita: 194. Raba da 31, saura 8. Maimaita kuma da 8 ɗin: 62, wadda 31 ta raba ba saura. Taki uku ke nan, wato biyar ba biyu, kuma tunda sifili ya fito, 31 firam ce. Ga babbar lambar, takin ya haura miliyan 136. Da yawa ne, amma kwamfuta tana iyawa. Ni dai Édouard Lucas ya fi burge ni, don a 1876 da hannu ya tabbatar da wata mai alƙalumma 39.

Batun ta ƙarshe kuwa, a'a. Tun fiye da shekara 2,000 da suka wuce Yuklid, masanin lissafi Bagirke, ya nuna firam ba su da iyaka. Ninka duk waɗanda ka sani da juna, ƙara 1. Babu ɗayansu da za ta raba sakamakon, don kullum sai 1 ta saura, ashe akwai wata da ba ta cikin lissafinka. Wadda Durant ya gano ita ce dai mafi girma da aka sani lokacin gano ta, kuma ta 52 da aka gano cikin firam na Mersenne. Ko su na Mersenne ɗin suna da iyaka, har yau masana lissafi ba su warware ba.