Tambayi Anti: Hostel zan zauna ko ɗaki zan kama a waje?

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. Ni dai Allah Ya yi na samu adimishan bana, wata mai zuwa za mu fara rajista amma wallahi kaina ya kulle a kan maganar wurin zama. Ƙawata da muka gama sakandare tare tana ta matsa min wai mu kama ɗaki a waje mu biyu tunda kwas ɗaya aka ba mu, har wani dillali ya turo mata hotuna ta WhatsApp, gaskiya ɗakin ya haɗu ga tayil ga banɗaki a ciki, ya ce in ba mu tura rabin kuɗin kafin Juma'a ba wasu za su ɗauke. Mama kuma ta kafe a kan hostel zan zauna ko ta halin ƙaƙa. Ni kuma labarin hostel da nake ji duk ya tsorata ni, mutum shida a ɗaki ɗaya, layin wanka, ɗauke-ɗauke. Ya zan yi?
Ƙanwarki mai jiran amsa

Wa alaikumus salam ƙanwata, ina taya ki murna, Allah Ya sa a gama lafiya. Bari in fara da dillalin nan don shi ne ya fi tsaya min a rai. Kar ki tura ko sisi. Hoto ba ɗaki ba ne, kowa zai iya ɗauko hoton ɗakin wani ya tura miki, kuma wannan maganar ta "in ba ku biya kafin Juma'a ba wasu za su ɗauke" tsohon salo ne, ana yinta ne don a hana ki tunani. Ƙila mutumin kirki ne, to in haka ne ba zai ƙi ya kai ku ku ga ɗakin ido da ido ba, ya haɗa ku da mai gidan ko wanda yake kula da shi, a rubuta yarjejeniya a ba ku rasit mai ɗauke da suna da adireshin gidan da ranar da haya za ta fara da ranar da za ta ƙare. Wanda ya fara kame-kame a kan wannan ki bar shi da ɗakinsa.

Ni dai in maganar shekarar farko ce ina goyon bayan Mama, ba don hostel aljanna ba ce, duk abin da kika lissafo akwai shi har da ƙari. Amma sabon ɗalibi bai san komai ba, ba ki san inda ajinku yake ba, ba ki san an canja lokacin lakca ba sai a bakin wata, kuma a hostel ne labari yake fara sauka, a can za ki haɗu da 'yan gaba da ke masu tsofaffin takardun jarrabawa da sanin halin kowane malami. Ga laburare da asibitin makaranta kusa, ga masu gadi, in famfo ya lalace akwai ofishin da za ki kai ƙara ko da za su ja ƙafa. Sannan galibi kuɗin hostel ya haɗa da wuta da ruwa, a waje kuwa kuɗin ɗaki somin-taɓi ne, akwai la'adar dillali, akwai kuɗin ajiya na ko za ku yi ɓarna, ga wuta ga ruwa ga shara ga kuɗin mota kullum, in kika tara su sai ki ga ɗakin da aka ce mai araha ya fi hostel ci nesa ba kusa ba. Abin lura kawai gadajen hostel ba sa isar kowa a yawancin jami'o'i, don haka ranar da aka buɗe neman gado a intanet ranar za ki nema, kar ki ce sai gobe.

To in gadon bai samu ba dole sai waje, ga abin da nake gaya wa ƙannena. Ɗaki da ƙafa ake zaɓensa. Ki taka daga ƙofar gidan har ƙofar sashenku, ba get ɗin makaranta ba, ki duba agogo. Tafiyar minti 40 ba ta da yawa a baki amma zuwa da dawowa kwana 5 a sati minti 400 ke nan, kusan awa 7 kina kan hanya, kuma ranar da aka sa lakca ƙarfe 8 na safe da wata ƙarfe 4 na yamma ba inda za ki je ki miƙe ƙafa a tsakani. Ki je sau biyu, ɗaya da rana ɗaya bayan duhu ya yi tare da wani babba, ki ga ko layin yana da haske da irin mutanen da suke zama a bakinsa da kuma hayaniyar da ake yi. Ni na taɓa biyan shekara guda cur a wani ɗaki da na gani sau ɗaya da tsakar rana, fenti sabo fil sai ƙamshi yake, ashe fentin rufe tabon yoyo aka yi da shi, ruwan sama na farko na kwana a zaune da littattafaina a kan cinya. Tun daga nan in na shiga ɗaki silin nake fara kallo da ƙasan bango.

Ki murɗa famfo ki ga ruwa da idonki, ki kora masai, ki gwada kowane soket da cajarki, ki duba ko waya tana samun sabis a cikin ɗakin ba a tsakar gida ba, ki ja ƙofa ki ga ƙarfin sakata, ki tambaya wa ke da wani makullin. In da katifa ki ɗaga ta ki duba ɗinkin gefenta, ɗige-ɗigen baƙi alamar kuɗin cizo ce, kuma in suka shiga kayanki sai an wanke da ruwa mai zafin digiri 60 kafin su mutu. Ki faki idon dillali ki ja wata 'yar haya gefe ki tambaye ta me ya fi damun su a gidan, minti biyu da ita sun fi awa guda da shi. Ranar tarewa kuma kafin ki ajiye ko bokiti ki ɗauki bidiyon ɗakin lungu da saƙo, fashewar tayil, tsagar gilashi, lambar mita, ki tura wa mai gidan ta saƙo don ranar ta fito, in ba haka ba ranar tashi duk ɓarnar mutanen baya a kan kuɗin ajiyarki za a sauke.

Maganar ƙawarki kuwa, zo mu zauna zo mu saɓa. Ƙawance daban zama ɗaki ɗaya daban. Kafin ku biya ku zauna ku yi maganar da ba a son yi, wa ke karatu da dare da fitila a kunne, baƙi har ƙarfe nawa, girki tare ko kowa da tukunyarta, aron kaya da tambaya ko babu, sannan babbar, in ɗaya ta samu gado a hostel ko ta canja makaranta wa zai biya rabonta. In sunanku duka biyu ke kan takarda ɗaya, a wasu yarjejeniyoyin mai gida yana iya bin ki kuɗin gaba ɗaya in ita ta gudu, don haka ki karanta wannan layin sau biyu.

Salam Anti. Ɗana na fari zai tafi jami'a, bai taɓa kwana wata guda a waje ba. Mahaifiyarsa ta rubuta jerin kayan da za a saya shafi biyu. Me ya zama dole a ciki?
Wani uba

Ranka ya daɗe, a gaida Hajiya amma shafi biyu ya yi yawa, rabon ɗalibi a ɗaki gado ne da loka ɗaya. Ku fara neman dokar masaukin, da yawa sun hana hita da abin girki na wuta kuma ƙwacewa ake yi. Zanin gado biyu, tawul, silifas na wanka, kwaɗo mai kyau guda biyu, tocila, 'yar jakar magani, saura ya saya a can bayan ya ga wurin. Takardunsa na asali a fayil ɗin roba, ya yi musu kwafi ya kuma ɗauki hotonsu ya ajiye a imel, da ƙananan hotunan fasfo da dama don lokacin rajista kowane tebur sai ya nemi nasa.

Abin da ya fi kaya shi ne abu uku da nake so ku zaunar da shi ku gaya masa. Na farko sanƙarau, tana yaɗuwa ne a wurin cunkoso ta tari da kusantar juna, kuma 'yan ajin farko da ke kwana a masaukin makaranta suna cikin waɗanda suka fi haɗari, ku tambayi likita game da rigakafi aƙalla sati 2 kafin tafiya don allura tana ɗaukar kwanaki kafin ta fara aiki. Zazzaɓi da matsanancin ciwon kai da sandarewar wuya da ƙin haske, asibiti nan take, ba a jiran gari ya waye. Na biyu hayaƙin janareta ko gawayi a rufaffen ɗaki, iskar da take kisa a cikinsa ba ta da launi ba ta da wari, mutum ciwon kai da jiri kawai zai ji ya kwanta shi ke nan, janareta a waje take zama kamar mita 6 daga taga da ƙofa. Na uku ekstenshan, butar lantarki ɗaya tana iya jan wat 2000, in aka haɗa ta da dutsen guga a kan ekstenshan mai araha waya za ta yi zafi ta narke. Ranar farko ya san ta ina zai fita in gobara ta tashi.

Sai kuɗi, kar ku damƙa masa na semesta gaba ɗaya, wata-wata ko sati biyu-biyu har hannunsa ya zauna. Kuma in bai iya wanki da ɗora tukunya ba, sauran kwanakin nan a sa shi ya yi da kansa, Hajiya ta daure ta naɗe hannu.

Anti wai da gaske ne ajin farko hutu ne, sai aji uku ake dagewa? Haka yayyenmu suke cewa.
Ƙaninki

Ƙarya suke maka ƙanina, ko kuma su ma haka aka yi musu. A tsarin da ake tara maki tun daga farko, sakamakon kowace semesta yana shiga lissafin ƙarshe, kuma kowane kwas nauyinsa gwargwadon yunit ɗinsa ne, wato lambar da makaranta ta ware masa don lissafin maki, faɗuwa a mai yunit 4 ta fi faɗuwa a mai yunit 1 ciwo sau huɗu. Kwasa-kwasan ajin farko su ne mafi sauƙi da za ka gani, in ka zubar da makinsu da wahala ka kwashe shi a gaba lokacin da karatu ya yi tauri. Kuma a jami'a ba mai bin ka da bulala, ba wanda zai buga wa Baba waya don ba ka zo aji ba, sai ranar jarrabawa a ce ba ka cika adadin halarta ba a hana ka zama. Satin farko ka nemo littafin dokokin sashenku da malamin da aka ba ajinku ya riƙa ba ku shawara, ka rubuta ranar rufe rajistar kwas a inda za ka riƙa ganinta, in ka gama rajistar ka buga takardar ka sa a sa mata hannu ka ajiye kwafi.