Ga ƙanwata mai son zuwa Ingila ta haihu bayan mahaifa ta sauko

Ƙanwata, saƙonki ya iso. Ba ke kaɗai ke turo mini irinsa ba, kuma duk bakinku ɗaya: "Yaya, in na zo can ai za a gyara ni." Shi ya sa zan amsa a fili, sauran ma su gani, ba tare da na ce wance ce ba.

Kin ce haihuwarki ta fari ta zo da doguwar naƙuda, da ƙarfe aka jawo yaron, kin ƙaru har aka yi miki ɗinki mai yawa. Yanzu yaro ya shekara, amma in kin daɗe a tsaye sai ki ji wani dunƙule yana leƙowa ta gabanki, fitsari kuma yana kufce miki da kin yi tari. Kin samu gurbin digiri na biyu a nan, kina so ki taho da ƙaramin ciki, a yi miki tiyata a ciro jariri, a ɗaga mahaifar a lokaci guda, a wuce wurin.

Abin da ya fara ɓata mini rai shi ne har yau ba ki san iyakar inda kika ƙaru ba. "Ɗinki mai yawa" ba bayani ba ne. Ƙari hawa huɗu ne. Na ɗaya fata ce kawai. Na biyu ya shiga naman da ke tsakanin gaba da dubura. Na uku ya taɓa zoben naman da ke matse dubura, wanda shi ke riƙe miki iska da bayan gida. Na huɗu ya ratsa zoben har cikin duburar. Ƙungiyar likitocin mata ta Birtaniya, RCOG, ta ce kusan mata 3 cikin 100 da suka haihu da kansu suna samun na uku ko na huɗu, a 'yan haihuwar fari kuwa ya kai 6 cikin 100. Duk shawarar da za a ba ki kan haihuwa ta gaba a kan hawan ƙarinki take tsaye. Kuma na lura fitsari kawai kika ambata. To ni zan tambaye ki abin da kunya ta hana ki faɗa: iska tana kufce miki? Kina ganin ɓaci a wando ba ki san lokacin da ya fito ba? In bayan gida ya matso ki, kina iya riƙewa har ki kai banɗaki? Ba sai kin ba ni amsa ba, amma likita dole ya ji.

Na san tambayoyin nan ne don ni ma an yi mini su, bayan na sha wuya kafin a samu mai yi. A nan ƙasar da kike hange na ƙaru hawa na uku, da ƙarfe, cikin dare, a wani asibiti mai tsabta da na'urori ko'ina. Ɗinkin an yi shi da kyau, ba zan ci amanarsu ba. Abin da ya ci mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Na je na ce iska na kufce mini, ina jin nauyi a ƙasan marata kamar komai zai zubo. Wadda ta duba ni ko ɗago kai daga kwamfuta ba ta yi ba, ta ce haka duk mai jego take ji, in ba shi lokaci. A lokacin ni ma'aikaciyar jinya ce mai lasisi, Turancina ba shi da gyara, amma sai da na yi ta sintiri, na rubuta ƙorafi, sannan aka tura ni wurin masu duba irin wannan rauni. Ina zuwa aiki da audugar mata biyu a jaka, ina zaɓar kujerar da ta fi kusa da ƙofa. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan shekarar ba.

Kada ki ɗauka tsautsayina ne ni kaɗai. Akwai binciken da ake kira MBRRACE, mai bin diddigin mutuwar mata masu ciki da masu jego a Birtaniya. Rahotonsa na 2018 ya nuna baƙar mace ta fi farar mace haɗarin mutuwa har ninki biyar. Rahotannin baya-bayan nan sun nuna ya sauko zuwa tsakanin ninki biyu da uku, amma giɓin na nan. Gaskiya ne mutuwa wurin haihuwa a nan ba ta da yawa ko kaɗan, kayan aiki da jini da ƙwararru duk akwai. Sai dai kayan aiki ba sa sauraron mace, mutum ne ke saurare, kuma ba kullum yake yi ba.

Yau a ɗakin duba masu irin wannan lalurar nake aiki, da hannuna nake saka wa mata zoben riƙe mahaifa. Ba wanda ya ba ni wannan matsayi kyauta, don haka ki saurare ni da kyau.

Yawancin masu cewa mahaifarsu ta sauko, in an duba ba mahaifar ba ce. Bangon gaba ne ya saki mafitsara ta turo shi, ko bangon baya ya saki hanji ya turo shi. Wani lokaci mahaifar ce da kanta, wani lokaci biyu ko ukun a haɗe. Tushen duka ɗaya ne: tsokoki da jijiyoyin ƙasan ƙugu, waɗanda ke tallafe da kayan ciki, sun miƙe ko sun tsinke lokacin da kan yaro ke wucewa, kuma jawowa da ƙarfe ya fi komai jawo wannan. Shi ma hawa huɗu ne, daga ɗan saukowa kaɗan zuwa fitowa waje gaba ɗaya. Ba ya kisa, ba ciwon daji ba ne, ba ya hana ɗaukar ciki. Abin da yake ci shi ne walwalar mace da kwanciyar aurenta.

Kin san abin da za a yi miki in kin zo? Ba wuƙa ba. Ƙa'idar NICE, hukumar da ke tsara yadda ake jinya a Ingila, ta ce mai hawa na ɗaya ko na biyu a fara mata da atisayen matse tsokokin ƙasa, ƙarƙashin kulawar likitan fisiyo, wato mai magani da motsa jiki, na aƙalla mako 16. Ki matse kamar mai riƙe iska da fitsari lokaci guda, ki ɗaga sama, ki riƙe, ki saki sarai, ba tare da kin ɗauke numfashi ko kin matse cinyoyi ba, sau uku a rana. Mata da yawa suna yinsa a juye, suna yunƙuri ƙasa maimakon ɗagawa, shi ya sa ake so a sa hannu a duba ko daidai kike yi. Sai ki yaƙi taurin bayan gida, ki nemi maganin tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ki rage ɗaukar kaya masu nauyi. In hakan bai wadatar ba sai zobe na roba mai laushi, a lanƙwasa shi a tura ciki ya tokare abin da ya sauko, a riƙa dubawa ko canzawa duk wata huɗu zuwa shida. Na sha ganin mace ta shigo tana tafiya a tattale, an saka mata zobe, ta miƙe ta yi tari da ƙarfi, ta tsaya tana jiran abin ya leƙo, shiru. Cikin duk waɗannan babu wanda yake buƙatar biza.

Aikin ɗaga mahaifa kuwa, likitan kirki zai ce ki bari sai kin gama haihuwa, don wani cikin na iya warware ɗinkin. Maganar a haɗa shi da tiyatar ciro jariri ki cire ta daga ranki. Kuma ko aikin ba tabbas ba ne, saukowar takan dawo. A nan ma an yi ɓarna: shekaru ana dasa wa mata wata raga ta roba ta gaba, mata suka yi ta kukan ciwo ana ce musu tunaninsu ne, sai a Yulin 2018 aka dakatar da ita a Ingila. Ga layi kuma. A ƙarshen 2024 RCOG ta ce mata sama da 750,000 ke jiran ganin likitan mata a faɗin Birtaniya. Digirinki shekara ɗaya ne. Kina iya gamawa ki tattara kayanki ba a kira sunanki ba.

Sai babbar tambayarki, tiyata ko haihuwa da kanki. In ƙarinki na uku ne ko na huɗu, kuma har yanzu iska ko bayan gida na kufce miki, ko an ɗauki hoton zoben dubura an gwada ƙarfinsa an ga da saura, to shawarar da ake bayarwa ita ce tiyata da aka tsara tun da wuri, kusan mako na 39. Ni hanyar da na bi ke nan a ciki na biyu, kuma ban yi nadama ba. In kuwa kin warke sarai, haɗarin sake irin wannan ƙarin kusan 5 zuwa 7 ne cikin 100, mata da yawa suna haihuwa da kansu lafiya. Akwai abubuwan da ke rage haɗarin: tausar wurin daga mako na 35, ɗora tsumma mai ɗumi lokacin da kai ke fitowa, ungozoma ta tallafe wurin da hannu ta hana kan fitowa da gudu, in kuma za a yi ƙari da almakashi a yanka shi gefe sosai, nesa da dubura. Wadda aka yi wa gyaran yoyon fitsari ita ba ta da zaɓi biyu, tiyata ce.

In saukowar ce kawai ba raunin dubura, maganar ba ta yanke haka ba. Tiyata na kare ki daga sabon rauni, amma ba ta ɗinke tsohon, kuma nauyin cikin wata tara kansa yana danna wurin. Mafi yawan ɓarnar a haihuwar fari ake yinta, ke kuma an riga an yi. Sannan ki zauna da maigidanki ku yi maganar da ba ku son yi: 'ya'ya nawa kuke fata? Kowace tiyata tana barin tabo a mahaifa, kuma da yawan tabon da yawan haɗarin mabiyiya ta tare bakin mahaifa ko ta nutse cikin tabon ta ƙi fita, abin da kan kai ga zubar jini mai yawa har a cire mahaifar. Wadda aka yi wa tiyata sau ɗaya ta gwada naƙuda daga baya, kusan uku cikin huɗu suna haihuwa da kansu, amma kusan 1 cikin 200 tabon na fashewa. Mai son biyu ko uku lissafinta daban da mai son bakwai. Kuma wadda aka yi wa tiyata ba raguwa ba ce, duk mai faɗa miki haka ba ita za ta zauna da lalurar ba.

Abu ɗaya da zan yaba wa ƙasar nan da zuciya ɗaya shi ne doka ta ba mace bakin magana. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2015 a shari'ar Nadine Montgomery, wadda ba a gaya mata haɗarin kafaɗar ɗanta ta maƙale ba, wajibi ne likita ya bayyana miki duk haɗarin da mai hankali zai so ya sani, da sauran hanyoyin da ake da su. In an yi miki bayani kika ce tiyata kike so, ƙa'ida ta ce a yi miki, ko a miƙa ki ga likitan da zai yi. Amma sai kin san haƙƙin kafin ki nema.

Yanzu maganar takardu. Daga Janairun 2024 ɗalibar digiri na biyu na karatun aji ba ta da izinin tahowa da miji ko 'ya'ya, sai masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyin karatunsu. Ke kaɗai za ki zo, ɗanki na can. In kin biya kuɗin lafiyar da ake haɗawa da bizar ɗalibi, haihuwa ba za a caje ki ba. In kuwa da bizar ziyara kika shigo, ba za a kore ki daga ɗakin haihuwa ba, amma za a rubuta miki kashi 150 cikin 100 na kuɗin aikin, kuma bashin da ya kai fam 500 aka yi wata biyu ba a biya ba ana kai rahotonsa ma'aikatar cikin gida, yana iya hana ki biza nan gaba. In kin ajiye karatu fiye da kwana 60, makaranta kan janye tsayawar da ta yi miki, bizar ta bi ruwa. Yaron ma ba zai zama ɗan ƙasa don an haife shi a nan ba, wannan ya ƙare tun farkon 1983.

Ki hango kanki kwana biyu bayan tiyata, an sallame ki. Ɗaki ɗaya a hawa na uku, babu na'urar hawa. Jakar allurai a hannunki, ke za ki riƙa soka wa kanki kullum don kada jini ya daskare a jijiya. An ce kada ki ɗauki abin da ya fi jaririn nauyi har mako shida, ga keken jariri a ƙasan bene, ga aikin makaranta ana jira ranar Litinin. Wa zai miƙo miki yaron cikin dare in ɗinki ya hana ki juyawa? Ni ina da miji a gefe, kuma sai da na yi kuka. Zan zo miki ranar da ba ni da aiki, amma ba zan yi miki alkawarin abin da ba zan iya ba.

Ba cewa nake kada ki zo karatu ba. Ki zo, ki yi abinki, ni zan tarbe ki a filin jirgi. Cikin ne nake roƙon ki dakata da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma shawararta a bar wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin, ke kuma jikinki bai gama komawa ba, mata da yawa sukan ji sauƙi bayan yaye. Cikin makon nan ki koma inda kika haihu ki nemi a buɗe fayil ɗinki, a rubuta miki hawan ƙarin, nauyin yaron, da irin ƙarfen da aka yi amfani da shi. Ki ga likitan mata, ki ce ya duba ki a kwance da a tsaye kina yunƙuri, da yamma in zai yiwu, lokacin da abin ya fi saukowa. Ki tafi da maigidan ya ji da kunnensa. Abin da likitan ya rubuta ki ɗauki hotonsa ki turo mini, daga nan mu ga ko bana za ki taho ko ki roƙi makarantar ta ɗage miki zuwa baɗi.