Ɗigon jini a ƙafafun yaro: akwai maganin gargajiya?

'Yar'uwa, kin ce likita ya ce ɗanki na da kumburin ƙananan jijiyoyin jini, wanda ake kira Henoch-Schönlein, kina tambayar ko jiƙo ko habbatussauda za su warkar da shi. Allah Ya ba shi lafiya.

Gaskiya babu ganye ko sassaƙe da aka tabbatar yana maganin cutar nan. Garkuwar jiki ce ke rikicewa, galibi bayan mura ko ciwon makogwaro, sai jajayen ɗige-ɗige su fito a ƙafafu da ɗuwawu, gwiwa da idon sawu su kumbura, ciki ya riƙa murɗawa. Yawancin yara sukan warke da kansu cikin kamar mako 4.

Taimakonki a gida shi ne hutu, ruwa isasshe, kunu da abinci mai laushi, a ɗora ƙafafun kan matashi. Farasitamol ya isa. Kada ki ba shi ibuprofen sai likita ya yarda. Don Allah ban da tsaga, ban da jiƙon da ba ki san abin da ke ciki ba, domin ƙoda ce abin tsoro a cutar nan. Tana iya taɓuwa bayan ƙurajen sun ɓace, yaro yana wasansa. Shi ya sa ake gwajin fitsari da awon hawan jini har wata 6. Kada ki fasa ko ɗaya.

In fitsari ya koma kamar ruwan shayi, ko jini a kashi, ciwon ciki mai tsanani, kumburin maraina, ku tafi asibiti nan take. Zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya kuwa, sanƙarau ake tsoro, ko da tsakar dare ne a tafi.