Darasin Gwamnati a Gida: Wace Manhaja Zan Saya wa Ɗana?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna zaune a Houston, jihar Texas ta Amurka, ni nake koyar da ɗana a gida, bana yana aji 11. Mun zo kan darasin gwamnati da tarbiyyar ɗan ƙasa, sai wata a zaurenmu na WhatsApp ta ce in ban sayi manhaja mai shaidar amincewa ba, babu jami'ar da za ta ɗauke shi. Kuɗinta kuwa ba kaɗan ba. Hankalina ya tashi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki fitar da ko sisi tukuna.

Wannan magana ta ishe ni, kusan kullum sai ta dawo. Babu wani littafi ko manhaja mai shaidar amincewa. Makaranta ake tantancewa. Hukumomi irin su Cognia, malamai da shugabanci da tsarin ajiye sakamako suke dubawa, ba sa buga hatimi a bangon littafi. Mai kwalin littattafai da ya ce miki kayansa tantatattu ne, ko dai makarantar intanet yake nufi ya ƙi fito miki da ita fili, ko kuwa tsoronki yake ci. Mafi munin su masu sayar da takardar kammala sakandare cikin 'yan makonni, wadda jami'a na gani za ta gane jabu ce, ta shafa wa yaron da ya yi karatun gaskiya kashin kaji. A Texas, tun hukuncin Leeper na kotun ƙolin jihar a 1994, karatun gida matsayin makaranta mai zaman kanta gare shi. Ke ce shugabar makarantar, ke za ki rubuta takardar sakamako ki sa hannu. Abin da doka ta nema shi ne manhaja a rubuce mai ƙunshe da karatu, rubutun kalmomi, nahawu, lissafi da tarbiyyar ɗan ƙasa. Shi ke nan.

Darasin gwamnati rabin kiredit ne (kiredit shi ne ma'aunin darasi a takardar sakamako), zango guda, kamar awa 60 zuwa 75. Ki fara da kundin tsarin mulkin Amurka na 1787 kansa, sashe 7 da gyare-gyare 27, ya karanta da bakinsa. Ki haɗa da littafin darasin gwamnatin Amurka na mawallafa OpenStax, kyauta ne, sai dai na matakin jami'a ne, ki zaɓi babi-babi. Shafin intanet na iCivics, mai koyar da tarbiyyar ɗan ƙasa, shi ma kyauta ne.

In za ki saya, ki buɗe littafin a shafin kujerun majalisar wakilan Amurka. Kika ga Texas na da 36 maimakon 38, littafin ya riga rabon da ya biyo ƙidayar 2020, ajiye shi. Ki kuma duba mawallafin: Abeka da BJU Press na Kirista ne, da idon aƙidarsu suke bayanin gwamnati, gara ki sani kafin ki biya.

In kina son shaida daga waje, akwai jarrabawar AP (jarrabawar matakin jami'a ga 'yan sakandare) ta darasin gwamnatin Amurka, ana yin ta a watan Mayu. Ɗan karatun gida ba ya iya rajista da kansa, sai ta hannun makarantar da ta yarda ya zauna a wurinta, kuma a tsakiyar Nuwamba ake rufe odar takardu. Ki fara buga wa makarantun unguwarku waya tun Satumba, domin wasu za su ce ba su da gurbi.